Abin Da Damina Ta Ce Wa Autanta

Akwai wata kalma da na faɗa ina ɗan shekara goma sha biyu, wadda da ana iya mayar da magana ciki da tuni na haɗiye ta. Na ce wa kakata ƙarya take yi. A gaban mutane na faɗa, tana tsakiyar tatsuniya, kuma dalilin haka ban ji ƙarshen tatsuniyar nan ba har yau da furfura ta gama da kaina. Na yi kurakuran da suka fi wannan girma a idon jama'a, na nemi gafarar Allah da ta mutane, wasu ma na manta su. Wannan kuwa ya ƙi tafiya. Ni ba mai zurfin karatu ba ne, a aji shida na tsaya, saboda haka wanda ya ga rubutun nan ya karkace ya yi mini uzuri. Yadda abin yake a raina, haka zan ajiye shi.

Gidanmu yana cikin birni, ta wajen Ƙofar 'Yandaka, gidan ƙasa mai zaure biyu. Kakar tamu ita ce mahaifiyar babanmu, sunanta Kulu, amma duk unguwa Iya ake ce mata. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Hannunta kullum yana ƙamshin suya, ko da ta wanke da sabulu. Ni takan kira ni angonta, kamar yadda kakanni ke yi da jikoki maza, ta ce ai ni ne mijin da bai san hanyar kasuwa ba sai hanyar akushi.

Tatsuniyar Iya ba kyauta ba ce. In an yi sallar magariba an ci tuwo, sai ta jawo 'yar kujerarta bakin murhu, ta tona garwashi, ta ɗora kaskon suya. Mu jikoki shida ne a lokacin, kowa da faifansa, kowa ta zuba masa gyaɗa mai ɓawo daidai ƙarfin hannunsa. Muna ɓara, tana ba da labari. In hannun wani ya tsaya saboda daɗin labari, ita ma sai bakinta ya tsaya, ta kama juya gyaɗa a kasko kamar ba ita ke magana ba, har sai mun zunguri mai laifin. In gyaɗa ta ƙare, labari ya tsaya nan, ko da kura ta buɗe baki za ta kama mutum, sai gobe. Saboda haka tatsuniya ɗaya takan ɗauke mu kwana uku ko huɗu. Ba ta buɗewa yadda sauran tsofaffi ke yi. Cewa take, “Ga baƙuwa a ƙofa.” Mu ce, “A shigo da ita.” In ta kai ƙarshe ta ce, “Baƙuwa ta ɗauki takalminta.” Mu ce, “Ta sauka lafiya.”

A farkon daminar wannan shekara, wata rana bayan la'asar, hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, irin wanda ke sa kaji su shige akurki tun da rana. Maimakon ruwa sai muka ji kamar ana jifa. Yawancin ɗakunan unguwar na ƙasa ne, amma wani maƙwabcinmu yana da rufin kwano, ƙarar da ke fitowa daga can ta sa ƙananan yara kuka. Ƙanƙara ce. Ta yayyage ganyen gwandar da ke tsakar gida, ta fasa tulu guda, ta kashe 'yan tsaki biyu. Da ta lafa muka kifa ƙorai a ka muka fita tsinta. Ban taɓa taɓa abu mai sanyi haka ba. Na jefa ɗaya a baki, haƙorana suka amsa har cikin ƙwaƙwalwa.

Iya ta ce a kawo mata wadda ta fi girma. Yayata Ladi ce ta samo, ta kai ƙwan zabo. Iya ta kifa turmi, ta ɗora ta a kai, ta sa wuƙa, ta buga bayan wuƙar da muciya. Ta rabe biyu. Muka haɗa kawuna muna kallo. Cikinta zobe-zobe ne kamar albasa, wani fari fat kamar nono, wani garau kamar gilashi, a can tsakiya kuma wata 'yar ƙwaya da ba ta fi ƙwayar gero ba.

“Ku ƙirga mani,” in ji Iya. “Maza, kahin ta gudu.”

Ni na ƙirga da ƙarfi, don ni ne ɗan makaranta. Biyar.

Ta ce, “Riga biyar. Wanga ya sha tahiya.”

Muka ce wace tafiya? Ta ce sai an ci tuwo. A wannan maraice ta shigo da baƙuwar da nake ba ku labari.

Wai Damina mace ce mai 'ya'ya ba iyaka, su ne ɗigon ruwa. Gidanta shi ne hadari, soro bisa soro, ana hawa ana ƙara sanyi. Kowace shekara takan buɗe ƙofa ta ce da 'ya'yanta, ku tafi, gero yana jiranku. Su kuwa sai su zubo suna dariya. Akwai autanta, Ɗan Ɗigo, mai yawan tambaya. Da aka zo kansa sai ya riƙe ƙofa ya ce, “Inna, waɗanda suka tahi bara, ina suke?” Ta ce ƙasa ta sha su. Ya ce to shi ba ya zuwa tsirara, a ba shi riga. Ta ce ruwa ba ya sa riga, ta tura shi. Yana faɗowa yana kuka, sai ya gamu da Iska, wata mata da ba a yin abu a sama ko a ƙasa ba ta sa baki ba. Ta tare shi a zaninta ta ce, “Ɗan wa ke kuka haka?” Ya gaya mata. Ta cilla shi can soron ƙarshe, inda wani masaƙi yake zaune, Malam Sanyi, wanda ba ya magana kuma ba ya saƙa komai sai fari. Ya dube shi, ya auna shi da ido, ya zura masa farar riga. Nan gyaɗar daren farko ta ƙare.

Washegari Ɗan Ɗigo ya sauko yana taƙama da rigarsa. 'Yan'uwansa da ke kan hanya suka gan shi, suka manne masa ta ko'ina suna cewa ya ɗauke su, har ya jiƙe sharkaf. Ya leƙa ƙasa, ya ga har yanzu da nisa, tsoro ya dawo. Sai ya yi waƙar da Iya ke sa mu amsa: “Iska, Iska, mai da ni sama, rigata ba ta isa ba.” Iska ta sake cilla shi. 'Yan'uwan da suka manne masa suka daskare a jikinsa, suka zama riga ta biyu, mai garau. Haka ya yi ta yi, ya hau ya sauko, fara a kan garau, garau a kan fara. Kowace riga tana ƙara masa nauyi, tana kuma toshe masa kunne. A riga ta huɗu ya daina jin muryar uwarsa sosai. A ta biyar ya manta abin da aka aike shi yi. Ladi ta ce ai wannan mugu ne. Iya ta nuna ta da muciya ta ce, “Ba mugu ba ne hwa. Tsoro ne ya yi mashi yawa.”

Yanzu sai in faɗi abin da ke cina a waɗannan kwanaki. A makon nan malaminmu na aji huɗu ya fitar da mu fili, ya jefa alli sama ya faɗo, ya jefa dutse ya faɗo, ya cire hularsa ya jefa ita ma ta faɗo. Ya ce ƙasa tana jan komai, duk abin da ke da nauyi ƙasa yake zuwa. Na ɗauki wannan magana kamar an ba ni mabuɗin duniya. Tun daren farko, duk lokacin da Iska ta cilla Ɗan Ɗigo sama, sai in ji ina so in ce ba haka ba ne. Na danne kwana biyu.

A dare na uku matan maƙwabta biyu suka shigo, don labarin ya fita unguwa, yara suna ta waƙar rigata ba ta isa ba a lungu. Iya ta rage murya yadda take yi in an zo wurin da ya kamata a yi shiru. Wai Iska ta gaji, ta ce da Ɗan Ɗigo ya yi mata nauyi, hannunta ya fara saki. A ƙarƙashinsa kuwa gonar wata mata ce da mijinta ya rasu, geronta ya fito ganye bibbiyu, shi ne duk abin da ta mallaka. In ya faɗa a haka, dutse ne zai faɗa. “Sai Damina ta leƙo ta tagar hadari,” in ji Iya, “ta ga autanta ya zama abin da ba ta haifa ba. Ta kira shi da sunan da take kiran shi tun shina ƙarami, ta ce mashi...”

“Ƙarya ne, Iya.”

Har yau ban san me ya sa na zaɓi wannan gaɓa ba. Watakila don na ga baƙi ne, ina so su san akwai ɗan boko a gidan. Hannun kowa ya tsaya a faifai.

Iya ta ce, “Mi ka ce, angona?”

“Na ce ƙarya ne. Abin da ya taho ƙasa ba ya komawa sama. Malaminmu ya gwada mana da dutse.”

Ladi ta mintsine ni a cinya. Ɗaya daga cikin matan ta dafe ƙirji ta ce, “Haruna! Iyar kake ƙaryatawa?”

Iya ba ta yi fushi ba, abin da ya fi damuna ke nan. Ta yi 'yar dariya ta ce, “Ku bar shi, mijina ya yi boko. To malam, in bai koma sama ba, wa ya ɗinka mashi rigunan da ka ƙirga da bakinka?”

Matan suka kwashe da dariya, yara suka taya su. Kunya ta rufe ni, na miƙe da ƙarfi har faifaina ya kife, gyaɗa ta watse cikin toka. Na ce ni dai na girma da tatsuniya. Na fita.

Da safe maganar ta kai kunnen babanmu. Ya kama kunnena har gaban Iya, na durƙusa na ce ta yi haƙuri. Ta ce, “Ba komai, ya wuce. Ka zo in an ci tuwo.” Ban je ba. A lissafina na riga na ba da haƙuri, magana ta ƙare. In na koma bakin murhun nan kuma, kamar na yarda ne cewa malaminmu bai san abin da yake yi ba. Sai na koma zama da samarin da suka girme ni a ƙofar gida, ana hirar ƙwallo da kekuna. Damina biyu bayan haka Allah ya karɓi ran Iya. Na ɗauka ta daɗe da ƙarasa wa sauran labarin, kuma duk ranar da na ga dama zan tambayi ɗayansu.

Abin mamaki, da na bar makaranta na taɓa sana'o'i iri-iri, a ƙarshe abincina ya tsaya a kan ƙanƙara. Na fara da turawa a baro, a lulluɓe da buhu da dusar katako don kada rana ta cinye ta kafin in kai. Daga baya na samu firiza uku a wani shago ta wajen Ƙofar Kaura. Fiye da shekara talatin ina ɗaura ruwa a leda ina mayar da shi dutse. Wanda ya daɗe da abu yana sanin halinsa ko bai karanta ba. Na san ƙanƙarar firiza daga waje take fara kamawa ta bi ciki, gefenta garau, tsakiyarta fari. Na ɗauka na gama sanin ta.

Wata rana da azumi, mutane sun cika ƙofar shago, na sa adda na raba wata babba, sai na ga layi uku a cikinta, ɗaya a cikin ɗaya. Na tsaya ina kallo. A kwana biyun nan sau uku aka ɗauke wuta aka dawo da ita. Duk lokacin da aka ɗauke, daskarewa ta tsaya, ta ɗan saki, in an dawo da wuta ta ci gaba, sai wurin ya bar alama. Wato layi a cikin ƙanƙara shaida ce cewa abu ya fita daga sanyi ya sake komawa. Na ji muryar Iya kamar tana bayana tana tambaya wa ya ɗinka mashi rigunan. Mai saye ya ce, “Malam Haruna, lafiya? An kusa shan ruwa fa.” Na miƙa masa.

Daga ranar kaina ya ɗaure. In Iya tana da gaskiya, to malaminmu fa? Ai na ga dutsen da idona ya dawo ƙasa. Kuma tawa daga waje take kamawa ta shiga ciki, ta sama kuwa ga alama daga 'yar ƙwayar tsakiya take farawa ta yi waje. Sannan a garin da rana ke narka kwalta, ina aka samu sanyin da ya fi na firiza a saman kanmu, ba wuta ba janareta? Na tambayi wani malamin makaranta da ke sayen ƙanƙara wurina, ya ce zai duba littafi, bai sake ta da maganar ba, ni ma na ji nauyin tuna masa.

Da na samu jikoki, sai ga ni ina ba su tatsuniyar Ɗan Ɗigo. In na zo wurin da Damina ta leƙo, sai in ƙirƙiro abin da ya zo bakina, in ce haka Iya ta faɗa. Wannan shi ne laifina na biyu, kuma da girmana na yi shi.

Bara aka yi 'yar ƙanƙara, ba ta kai waccan ba. Na sa aka tsinto mini ɗaya, na raba da wuƙa a gaban yara, zobe biyu kawai. Jikata Hafsa, ɗiyar babban ɗana, tana sakandare, ta ce ai an koya musu wannan. Ta ce a cikin dogon hadari akwai iska mai ƙarfi da ke hawa sama, tana iya riƙe ƙanƙara ta hana ta faɗowa, har ta ɗaga ta. Can sama akwai sanyin da ya wuce misali. In ruwa ya kama jikinta ya daskare nan take, sai ya kulle iska a ciki ya yi fari. In ya daskare a hankali, sai ya yi garau. Sai ta yi nauyin da iskar ba za ta iya ba, sannan ta faɗo.

Na ce, “To hawa take ta sauka, ko kuwa?”

Ta ce, “Wasu sun ce hawa da sauka, wasu sun ce ratsawa take ta wurare daban-daban a cikin hadarin. Malamarmu ta ce duka biyun suna faruwa.”

Na ce, “Dutsen malaminmu fa?”

Ta ce, “Tsoho, shi ma gaskiya ne. Ai daga ƙarshe ta faɗo.”

Ta ɗauko waya ta nuna mini hoton abin da ke sauka a ƙasashen sanyi, dusar ƙanƙara, an ƙara girmanta. Kowace ƙwaya da hannu shida, kamar aikin mai ɗinkin hula, kuma wai kowace da nata zanen, gwargwadon hanyar da ta biyo a sama. Ta ce ita ba daga ɗigon ruwa take ba, daga tururi take tsirowa a jikin wata 'yar ƙura. Na juya wayar sama da ƙasa, ban gane yadda tururi ke tsiro da hannu ba, ban kuma gane me ya sa shida ba biyar ba. Na ce Allah mai iko, na mayar mata. Abin da ya tsaya mini shi ne, tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alli ba, ta ina ta san abin da ke faruwa a cikin hadari? Wuƙa da muciya kaɗai ta sa.

Sai Hafsa ta ce, “Ni kuma ina da tambaya. Me Damina ta ce masa a gaskiya? Wancan karon ka ce ta ce ya tuɓe rigunan, ya narke ya shayar da gonar. Da sallah ka ce ta ce ya faɗa bayan gari. Ka taɓa cewa ma a rijiya ya faɗa. Wanne ne na Iya?”

Na ce mata amarya ba ta tsare miji da tambaya. Yara suka yi dariya. Ita ba ta yi ba, ni ma ban ji daɗin dariyar ba.

Cikin mu shida da muka zauna bakin murhun nan, ni da Yaya Ladi kaɗai muka rage. Tana zaune gidan ɗanta a Ƙofar Sauri, idonta ya yi rauni amma bakinta yana nan. Muna haɗuwa a suna da ta'aziyya shekara da shekaru, ban taɓa tambayarta ba, don kunyar abin ba ta sake ni ba. A satin nan na hau babur na tafi. Muka gaisa, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, da ƙafata, da kasuwa, na tambayi idonta da jikokinta.

Ta ce, “Mai ƙanƙara, ba suna ba mutuwa, mi ya kawo ka da rana tsaka?”

Na yi ta kewaye-kewaye, daga baya na ce, “Yaya, tatsuniyar nan ta Ɗan Ɗigo. Mi Damina ta ce mashi?”

Ta juyo da fuskarta wajen muryata.

“Sai yau?”

Na ce sai yau.

“To ai ni ma ban sani ba.”

Na ce ta manta ke nan? Ta ce, “Ban manta ba, ba a hwaɗa mani ba. Ba wanda aka hwaɗa mawa. Da ka fita, Iya ta ce a kwashe gyaɗa, sai gobe. Gobe ta yi muka zauna, ta zuba ma kowa, ta zuba a faifanka ta aje gefenta. Muka ce Iya a ci gaba. Ta ce tare da angonta aka ɗauko, tare da shi za a sauke. Ta kawo wata baƙuwar daban. Rabonka kuwa mu muka ɓare shi, kullum, har damina ta fita. Bawa har kuka ya yi mata, ta ce ya je ya kira ka.”

Bawa ƙanenmu ne, ya rasu da daɗewa. Na ce ni ba wanda ya kira ni.

“Kai! Haruna, ji tsoron Allah. Ni da ƙafata sau biyu ta aike ni. Kana zaune kan dakali da su wane, na ce Iya na kira. Ka ce in ce mata kana zuwa.”

Wallahi na manta. Sai da ta faɗa na ga dakalin, na ga Ladi tsaye da ɗan mayafinta, na ji muryata ina faɗa ba tare da na waiwaya ba, don kada samari su ce ana kirana tatsuniya.

Ta ci gaba. “Da ciwonta ya yi tsanani ni ke kwana ɗakinta. Wata rana da hantsi na ga ta ɗan samu sauƙi, na ce Iya, ki hwaɗa mani ni kaɗai, ba ni gaya ma kowa. Ta yi dariya har tari ya kama ta. Ta ce, in na hwaɗa maki, gobe ki gaya mashi a lungu, shi ke nan ya rasa dalilin zuwa.”

Na rasa inda zan sa idona. A gida ɗaya muke da Iya duk wannan lokaci. Kullum da safe ina gaishe ta, tana tsokanata da kuɗin cefane, ina wucewa. Tsakanin dakalin nan da murhunta bai kai taku ashirin ba.

Ladi ta lalubo hannuna ta ce, “To kuka za ka yi mani, ƙaton tsoho? Ta yafe maka tun a daren. Mu ne dai ka cuta.” Ta ce ita a ganinta Damina cewa ta yi ya dawo gida. Na ce ai ruwa ba ya komawa, sai na kama bakina. Muka yi dariya mu biyu, irin wadda ba ta da daɗi.

Na dawo gida na tara jikoki na gaya musu cewa duk ƙarshen da na ba su nawa ne, ba na Iya ba, nata ya tafi da ita. Ƙaramin cikinsu ya ce to a ƙirƙiro wani mana. Na ce su ƙirƙira in sun so, amma kada su jingina mata.

Ina yawan juya abin a raina, ban kai ga matsaya ba. Wani lokaci in ce Iya ta tsananta, don me za ta hana yara biyar saboda ɗaya? Wani lokaci in ce ba hana su ta yi ba, wuri ta ajiye mini, ta kuma yarda cewa zan zo. Na kan yi zaton ma ko ita kanta ba ta riga ta san abin da Damina za ta ce ba, sai ta ga fuskokinmu shida a hasken wuta sannan ya zo mata. Ban sani ba, kuma babu sauran wanda zan tambaya. Yadda ƙanƙara ke yin zobe, jikata ta warware mini rabi. Wannan kuwa babu shi a waya.

Roƙona ga wanda ya karanta ɗaya ne. Yaro yana iya yin rashin kunya, a yafe masa kafin gari ya waye, wannan ba shi ne babban abin ba. Amma in tsoho ya aiko a kira ku, ku ajiye abin da ke hannunku ku je a ranar, ko da abokai za su yi muku dariya. Kada ku yi irin tawa. Ni na ce a ce mata ina zuwa, yau kusan shekara sittin ke nan.